Lam Ba Ta Cikin Littafi

Ni ban yi karatu ba. Ko sunana aka rubuta a bango, wucewa zan yi in ɗauka sawun kaza ne. Amma kunnena ƙalau yake, kuma abin da na ji ranar cikar watan jikata, na ji shi sarai daga bakin Khoat, a tsakiyar ɗakina, gaban teburin kakanni.

Khoat shi ke riƙe da littafin zuri'armu. Na girme shi da shekara goma sha biyar, na san shi tun yana yawo da majina ba wando, amma kakansa wan kakan mijina ne, don haka dole in ce masa Yaya, in shimfiɗa masa tabarmar sama. Aikinsa guda ne a duniya: in an yi haihuwa a kai masa sunan da aka zaɓa, ya buɗe littafi ya duba kada ya zo ɗaya da na wani babba, mai rai ko matacce. Ba a sa wa jariri sunan na gaba da shi. Ta yaya za ka tsawata wa yaro da sunan kakarka? In kuma ka kira, wa kake so ya amsa?

Ɗana Kiem shekara takwas ya yi da aure kafin matarsa Uyen ta samu wannan cikin. A birni suke zaune, a can ta haihu, a can suka yi wa yarinyar takarda, sannan suka kawo ta ƙauye don bikin cikar wata. Ban tambayi suna ba, ba a tambaya kafin wata ya cika. Ni dai 'Yar Ɓera nake ce mata. Maƙwabta suna shigowa suna leƙa fuskarta suna cewa, "Kai, wannan mummuna ce, ko kare ba zai ɗauka ba," ni kuwa ina jin daɗi, don masu hankali ne, sun san iskoki kyakkyawa suke nema.

Tun da safe na jera faranti goma sha biyu na shinkafa mai danƙo, kwano goma sha biyu na kunun wake mai zaƙi, da dafaffen zakara, don ungozoman sama goma sha biyu da suka ƙera ta. Khoat ya zo da farar rigarsa, ya kunna turaren tsinke, ya rusuna sau uku, ya fara gabatar da jaririya ga kakanni. Ina bayansa da tire a hannu. Ya faɗi sunan gida, ya faɗi na tsakiya, sannan ya ce:

"Lam."

Tiren ya suɓuce. Kunu ya wanke mini ƙafa, ban ji zafinsa ba sai da yamma.

A teburinmu kaskon turare uku ne. Babba na kakanni a tsakiya, na mijina Tuc a dama, sai ƙarami a gefen hagu. Mutane na tsince fasassun kwanuka, sai wannan ƙaramin ya kama da wuta. Tsofaffin tsinkayen da ke ciki suka tashi gaba ɗaya, harshen wuta ya kai tsawon hannu. Ba babban ba, ba na Tuc ba. Ƙaramin.

Khoat ya ce, "Iskar fanka ce. A kashe fanka."

Na ce, "Fankar uwar wa? Fanka ta san kasko ɗaya ta bar biyu?"

Kiem ya ja ni madafa, Uyen ta biyo mu da jaririya a kafaɗa.

"Inna, me ya faru? Sunan ne bai yi miki ba?" in ji ta. "Ai suna ne mai kyau. Shuɗi ne ma'anarsa, irin shuɗin dutse in ka hango shi daga nesa. Daga tsohon rubutun Sin ya fito, asalinsa sunan ganyen baba ne da ake rini da shi. Ga shi a waya, yana cikin waɗanda aka fi so bana. A ɗakin haihuwa ma mu uku ne muka sa shi."

"Ni za ki koya wa baba? Shekara talatin na kwana da mutumin da hannunsa shuɗi ne har gwiwa!"

"To mene ne laifinsa, Inna?"

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Shekara arba'in da bakwai rabon da ya bi ta harshena. Na juya wajen Kiem na ce, "Sunan yayarka ne."

"Wace yaya? Yaya Kwaɗo?"

"Kwaɗo ka ga na haifa? Kwaɗo ubanka ya raɗa mata?"

Ya tsaya baki buɗe. Ba laifinsa ba ne, bayan rasuwarta da shekara shida aka haife shi. Abin da ya sani, akwai ƙaramin kasko a hagu, na yayarsa Kwaɗo, ana sa mata alewa da ɗanyen mangwaro ranar tunawa da ita.

Tuc marini ne, shi ya zaɓa mata sunan, ya ce launin da ke ciyar da mu ne. Surukata ta ce to, a ɓoye shi, a riƙa ce mata Kwaɗo har ta girma. Kowa ya bi, ban da ni. Ina da shekara ashirin da ɗaya, kaina na rawa, na ce 'yata ba kwaɗo ba ce. Nakan tsaya a bakin gona in ƙwala mata kira da sunanta na gaskiya, duk ƙauye na ji. Ranar da abin ya faru ma haka na yi, da tsakar rana, rana a tsakiyar kai, lokacin da ba a kiran yaro kusa da ruwa. Sau uku na kira. Ba ta amsa ba. A kududdufin bayan ɗakin zuri'a aka same ta, shekararta shida. Surukata ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Kin kira, an ji." Daga ranar aka rufe sunan a gidanmu.

Yarinyar da ta mutu ba ta yi aure ba, ba ta da wani gida sai na ubanta. Tana nan. In an kula da ita ta tsare gida fiye da kakanni duka, in aka taɓa abinta kuwa, jarirai take fara duba, don ita ma yarinya ce, abokin wasa take so. Wannan ba ni na ƙago ba, a tambayi kowace tsohuwa daga nan har bakin teku. Abu ɗaya 'yata ta mallaka a duniya, ba gona, ba miji, ba dutse a kan kabari. Shi aka ɗauka aka ba wata.

Na gaya musu duk wannan a madafa. Uyen ta saurara, ta ce a hankali, "Inna, mun kai wa Baba Khoat, ya duba, ya ce babu kowa mai wannan sunan. An riga an rubuta a takarda, an rubuta a katin asibiti." Na ga idonta. Tana tsammanin tsufa ne ya taɓa ni, ko kuwa na ƙirƙira ne don ba ni na zaɓa ba.

Kwana uku da biki jikin yarinyar ya yi zafi, ta ƙi nono, numfashinta na fita da ƙara kamar ana yayyaga tsumma. Na shafa mata baƙin tukunya a goshi, na sa wuƙa a cikin zanen goyo, muka hau babura zuwa asibitin gunduma. Uyen ta ce hayaƙin turare ne da taron mutane.

A asibitin akwai tafkin kifi a tsakar fili, bencin jira kuma a bakinsa yake. Muka zauna tun hantsi har inuwa ta shige ƙarƙashin benci. Sai lasifika ta yi ƙara a saman kanmu, muryar mace ta ƙwala sunan. Da tsakar rana. A bakin ruwa. Na toshe kunnen jaririyar da tafin hannuna. Ta sake kira. Na miƙe ina ihu, "Mun ji! Mun ji! Rufe bakinki!" Ta kira na uku.

Ruwan tafkin ya motsa. Kiem ya ce kifi ne. Wataƙila kifi ne. Ya kama hannuna muka shiga. Likita ya ce sanyi ne ya shiga ƙirji, ya ba da magani, ya ce in zafin bai sauka a kwana biyu ba a wuce babban asibiti. Kafin mu fito, shi ma sau biyu ya faɗi sunan yana rubutu.

Washegari na ɗaura ɗankwali na tafi ofishin gunduma da ƙafata. Wata yarinya mai jan baki ce a taga.

"Kaka, ana canza suna, amma uba da uwa ne za su nema, su biyun. Kuma sai da dalili."

"Sunan gwaggonta ne. 'Yata."

"To a kawo takardar haihuwar gwaggon."

"Ba a yi mata ba. Lokacin bama-bamai ake gudu, wa ke ta takarda?"

"Ta mutuwa fa? Hoton dutsen kabari? Ko shafin littafin zuri'a?" Ta ga ina kallonta, ta yi murmushi. "Kaka, kwantar da hankalinki. Bana kaɗai goma sha ɗaya na rubuta masu wannan sunan, duk suna nan lafiya, har da mai ƙiba kamar kabewa."

"Goma ɗin nan ba jininta ba ne. Ba ta san ƙofarsu ba. Tamu ta sani."

Daga nan gidan Khoat na nufa. Na same shi a tsakar gida yana ba tsuntsunsa na keji gwanda da tsinke.

"A'a, matar ƙanena. Ya mai jiki? Shigo ki sha shayi."

"Riƙe shayinka, Yaya. Littafi na zo ka buɗe."

"Na buɗe shi tun kafin biki. Tsatso goma sha ɗaya na bi da yatsa. Babu."

"Babu don ba a rubuta ba! Rubuta ta yanzu, in kai ofis."

"Haba. Littafin nan tun kakanni maza ake sa wa. 'Ya mace ta gidan wani ce, can ake rubuta ta."

"Gidan wa? Ta yi aure ne ban sani ba? Gidan kifi za a rubuta ta?"

Ya ajiye tsinken. "Ki iya bakinki. Ni Kwaɗo na sani. Ba zan sa alƙalami a littafin kakanni a kan maganar baka ba. Gobe wata ta zo ta ce ita ma tana da."

"Kai ka tsamo ta, Khoat."

Ban ce Yaya ba, kuma ya lura.

"Kai ka shiga ruwan har wuya, kana ɗan shekara goma sha biyu, ka fito da ita a kafaɗa. Ina gudu ina zuwa ina kiranta. Me ka ji ina kira? Kwaɗo?"

Fuskarsa ta yi fari kamar cikin rogo. Ya kalli tsuntsu, ya kalli ƙasa. Na rantse da kabarin Tuc, a lokacin ya tuna. Amma namiji mai farar riga, wanda ya tsaya gaban mutum arba'in ya ce ya duba, ba zai ce ya yi kuskure don wata tsohuwa ba.

"An daɗe," in ji shi. "Kawo shaida."

Shaida. Na ɗauki cikinta wata tara, na ba ta nono shekara biyu, na wanke gawarta da ruwan ganyen lemo, wai in kawo shaida an taɓa yin ta.

Na dawo gida la'asar. Zafin bai sauka ba. Uyen na zaune a kan gadon katako da yarinyar a cinya, idonta ya kumbura, tana ta jijjiga ta tana kiran sunan a hankali, tana maimaitawa, kamar mai buɗe wa baƙo ƙofa. Kowane kira sai na waiga wajen ƙaramin kaskon. Na ce ta bari. Ta ce, "Inna, don girman Sama ki ƙyale ni, 'yata ce."

Sai na jawo akwatin katakon da ke ƙarƙashin gado. Ba na buɗe shi sai sau ɗaya a shekara, in shanya abin da ke ciki. Na ce bari ta ga rigar, ko ta yarda an taɓa yin mutum. 'Yar riga ce shuɗiya, Tuc ya rina ta sau tara har ta kusa zama baƙa. Na ɗaga murfin na jingina da bango, na miƙa mata.

Ba rigar ta kalla ba. Murfin take kallo.

"Inna, wa ya yi wannan rubutun?"

"Surukinki. Ma'aunin rini ne, toka kaza, baba kaza."

"Ba ma'auni ba ne."

Ta matso da yarinyar a hannu, ta sa yatsa a kan zanen da Tuc ya yi da bakin ƙusa, ya cika da shuni. Shekara hamsin ina ganinsa, sawun kaza. Ta fara daga ƙasa.

"Kiem, shekarar Ɓera, wata na tara, rana ta huɗu, da asuba." Ta ɗaga yatsa zuwa layin sama. "Wannan kuma, shekarar Ɓera ta kafin waccan, wata na uku. Sunan..."

Na rufe mata baki da hannuna. Ta kalle ni ta saman yatsuna. Da na sake ta, ta ce da wata irin murya, "Akwai wani kwanan watan a gefensa. Wata na shida, shekarar Doki. Ya rubuta, da tsakar rana."

Ta juya ta dubi teburin kakanni, wurin da wuta ta bar baƙi a bango. Ta ƙanƙame yarinyar har ta yi ƙara.

"Yi shiru, 'Yar Ɓera," in ji ta. "Yi shiru, mummuna."

Kiem ya kwance murfin da sukundireba. Da safe ya goya ni a babur, na rungume murfin a ƙirji kamar ƙofa, mutane na leƙowa daga shaguna. Wata ta ce, "Kaka matar Tuc, ƙaura za ki yi?" Na ce, "Uwarki zan kai wa akwatin gawa, murfin na fara kaiwa."

Na ajiye shi a kan teburin shayin Khoat, kofuna suka yi tsalle. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana karantawa, fiye da yadda layi biyu ke bukata.

"Hannun Tuc ne," in ji shi.

"Na san hannun wa ne. Ɗauko littafi."

Ya ɗauko shi daga cikin jan ƙyalle, ya buɗe shafin Tuc, ya laluɓo fensir.

"Da tawada, Yaya. Fensir na yaran makaranta ne."

Ya rubuta da tawada, a gefen shafi, ƙanana-ƙanana kamar mai jin kunya. Na sa Kiem ya duba, ya duba kuma, ya tabbatar mini sunan ne, kuma a sama da nasa yake, don ita ce babba. Khoat ya ajiye alƙalamin. Ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ba ta da nauyi ko kaɗan. Har yau ina jin ta a nan," ya taɓa kafaɗarsa. Ban tausaya masa ba. Wanda ke jin ta a kafaɗa ya kamata ya ji ta a kunne ranar da aka kai masa suna.

Kiem da Uyen suka sa hannu a ofis, aka ɗauki hoton shafin da na murfin. Yarinyar mai jan baki ta ce a dawo bayan 'yan kwanaki. Uyen ta zaɓi wani suna, wannan karon ni ta fara raɗa wa a kunne kafin Khoat. Ba zan faɗa ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Zafin ya sauka a daren kwana na biyu, ta kama nono. Uyen ta ce magani ne, na ce to. Amma tarin bai tafi ba, takardar kuma ba ta fito ba, kuma muddin ba ta fito ba, suna ɗaya suke ci su biyu. Ba na bari a wuce da ita ta gefen kududdufi. Na cire batirin wayar Kiem da rana, kada asibiti su kira su tambaye ta da suna. Kuma ban gama da Khoat ba. Ranar taron zuri'a a wata na biyu zai tsaya gaban mutanen da ya ce wa ya duba, ya karanta sunan 'yata da ƙarfi cikin na matattu, ya ce shi ya yi kuskure. In ya ƙi, zan zauna a ƙofar ɗakin zuri'a da murfin nan a cinya har ya gaji da tsallake ni.

Jiya da hantsi na tafi gefen gonar shinkafa inda tudun kabarin 'yata yake. Ya kusa bajewa, shanu sun taka gefe ɗaya. Na cire ciyawa, na ajiye alewa da ɗanyen mangwaro da gishiri, na kunna tsinke uku. Na duba inuwata, tana da tsawo, rana ba ta kai tsaka ba. Na duba ko'ina, ba ruwa kusa sai ɗan abin da ke kwance a gona. Na durƙusa na kai bakina kusa da ƙasa.

"Lam," na ce. "Lam, Inna ce. An rubuta ki, da tawada. Abinki naki ne, ana kan hanyar dawo miki da shi. Ki yi haƙuri kwana kaɗan. Ki bar mini yarinyar."

Hayaƙin ya tashi a miƙe. Na tsaya har tsinkayen suka cinye, ban kira na uku ba.